Allon Aiki a Cikin GitHub: Abin da Ƙarin Burauza Ke Bayarwa da Abin da Yake Karɓa



Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwa maza da mata masu sana'ar rubuta manhaja, da ƙannenmu ɗalibai da na ga sun cika bayan ɗaki, barkanmu da war haka.  

An ce in yi magana a kan tafiyar da aikin manhaja ta hanyar amfani da ƙarin burauza a cikin dandalin ajiyar kod. Sunan ya yi tsawo, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa gajeriya ce. Mutum biyar sun haɗu suna rubuta manhaja ɗaya, kod ɗinsu yana GitHub. To, a ina ake rubuta wa ke yin me, me aka gama, me ya maƙale? Misalin da zan riƙe shi ne ZenHub, domin shi ne ya fi shahara a wannan fage. Ba talla na zo yi masa ba, ba kuma kushe shi na zo yi ba. Matsayina shi ne allon aiki ya fi amfani idan yana daidai wurin da ake aikin, amma duk wanda ya ɗora shi ta hanyar ƙarin burauza ya san cewa rumfa ya kafa a jikin katangar wani. Rumfar tana ba da inuwa, ba musu. Sai dai ranar da mai katanga ya tashi gyara, ba zai nemi shawararka ba.

Na farko: daga ina matsalar ta taso?

A shekarar 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git, bayan masu aikin Linux sun rasa damar amfani da BitKeeper kyauta. Abin da Git ya sani shi ne tarihin kod: wa ya canza wane layi, yaushe, kuma me ya ce dalili. A 2008 aka buɗe GitHub, inda ake ajiye rumbunan Git a intanet, a 2009 kuma suka ƙara abin da muke kira ishu, takardar da ake buɗewa a rubuta cewa ga kuskure, ko ga abin da ake son a ƙara. Kowane ishu yana da lamba, yana da wurin tattaunawa, ana iya maƙala masa lakabi, a ɗora shi a kan wani.

Amma ku lura da wani abu. Hali biyu kaɗai ishu ya sani a wancan lokacin: ko yana buɗe, ko an rufe shi. Ku gaya mini, a cikinku akwai wanda aikinsa hali biyu kawai yake da shi? Akwai aikin da aka rubuta ba a duba ba. Akwai wanda aka amince za a yi amma lokacinsa bai zo ba. Akwai wanda ake kan yi, da wanda aka gama yana jiran wani ya duba, da wanda aka duba yana jiran gwaji. Duk waɗannan a idon GitHub na da sunansu ɗaya, a buɗe suke. Idan rumbu yana da ishu 200 a buɗe, shugaban aiki ya kalli jerin nan ba zai gane komai ba.

Sai shugabannin aiki suka koma wasu wurare. Kamfanin Atlassian na Ostireliya yana da Jira tun 2002. Trello ya fito a 2011, daga baya Atlassian ɗin ya saye shi a 2017. Kayan aiki ne masu kyau. Illarsu ɗaya: sun raba gaskiya gida biyu. Mai rubuta kod yana GitHub daga safe har dare, shugaban aiki yana kallon Trello. Mai kod ya gama aiki ranar Talata, ya manta bai je ya matsar da katin ba. Ranar Alhamis shugaba ya kira shi yana faɗa a kan aikin da an riga an gama.

Mu a nan ma ba ma kai ga Trello ba sau da yawa. Zauren WhatsApp ne ofishinmu. Wani ya aiko da saƙon murya na minti huɗu da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a tsakiyarsa, tsakanin gaisuwa da ƙorafin wuta, ya ce maɓallin biyan kuɗi ba ya aiki a ƙananan wayoyi. Mutum uku suka saurara, kowa ya ɗauka ɗayan zai gyara. Bayan sati biyu mai kayan da ake yi wa manhajar ya kira. Na ga wasu suna dariya a baya can, da alama an taɓa inda yake musu ƙaiƙayi.

Na biyu: mene ne ƙarin burauza, kuma yaya yake shiga gidan da ba nasa ba?

Wannan wurin ina so ɗalibai su buɗe kunne, domin duk sauran maganar a kansa ta dogara. Idan ka buɗe shafin GitHub, sabar GitHub tana aiko wa burauzarka bayanan shafin, burauza ta zana maka shi a fuskar kwamfuta. Ƙarin burauza wata 'yar manhaja ce da kake ɗorawa a kan Chrome ko Firefox, ka ba ta izinin taɓa shafukan wani adireshi. Da zarar shafin ya sauka, sai ta shiga cikinsa ta ƙara maɓalli nan, ta sa sabon sashe can, ta sake tsarin wani wuri. Duk wannan a cikin kwamfutarka yake faruwa. Shafin GitHub na ainihi bai canza ba ko da ɗigo. Abokin aikinka da bai ɗora ƙarin ba, idan ya buɗe shafin nan, ba zai ga komai daga abin da kake gani ba.

Da wannan dabarar ZenHub ya fito a 2014, daga kamfanin Axiom Zen da ke birnin Bankuba a Kanada. Ka ɗora shi, ka shiga da asusunka na GitHub, sai ka ga sabon sashe ya bayyana a saman rumbunka, kusa da sashen kod da na ishu, kamar dama can da shi aka gina dandalin. Ka danna, sai ga allo. Duk ishun da ke rumbun ya zama kati, katunan kuma suna jere a layuka daga hagu zuwa dama: sababbin da ba a tantance ba, waɗanda aka jingine sai wani lokaci, waɗanda ke jiran a fara, waɗanda ake kan yi, waɗanda ake dubawa, da waɗanda aka gama. Ka kama kati da linzami ka ja shi zuwa layi na gaba, shi ke nan.

Hikimar tana nan: katin ba kwafin ishu ba ne, shi ne ishun da kansa. Ku ɗauka ɗalibai huɗu suna gina manhajar kantin magani. Ishu mai lamba 12 yana cewa manhajar ba ta gargaɗi idan magani ya kusa lalacewa. Wata daga cikinsu ta ɗauka, ta ja katin zuwa layin da ake kan yi. Ta rubuta gyaran a reshe daban, ta buɗe buƙatar haɗewa, a cikin bayaninta ta rubuta Fixes #12. Abokin aikinta ya duba, ya amince, aka haɗe gyaran da babban reshe. GitHub da kansa zai rufe ishu na 12, katin kuma ya koma layin rufaffu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ba wanda aka roƙa ya tuna ya je wani wuri ya ba da rahoto. Aikin ne ya ba da rahoton kansa.

Ban da allo, ZenHub ya kawo hanyar tara ƙananan ishu a ƙarƙashin babban aiki ɗaya, da haɗa rumbuna da yawa a allo ɗaya. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga wanda manhajarsa ta waya tana rumbu ɗaya, ta saba tana wani, shafinsa na intanet yana na uku.

Na uku: allon kansa. A nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Ba masu kwamfuta ne suka ƙirƙiro wannan tsari ba. Daga masana'antar motocin Toyota ya fito a Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun injiniya Taiichi Ohno. Tsarin da ake kira kanban ke nan. A masana'antar, sashen da ke ƙera wani ɓangaren mota ba ya ƙerawa sai kati ya zo masa daga sashen da ke gabansa yana cewa muna buƙata. Adadin katunan kuma ƙayyadadde ne. Saboda haka kaya ba sa taruwa a tsakanin sashe da sashe, idan kuma wani wuri ya toshe, nan take kowa zai gani. David Anderson yana cikin waɗanda suka ɗauko tsarin zuwa aikin manhaja, ya fitar da littafi a kansa a 2010.

Abin da yawancinmu muka ɗauko shi ne layuka da katuna. Abin da muka baro shi ne ƙayyadewar, alhali ita ce zuciyar abin.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Akwai ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961, wadda ke cewa matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka a cikin layi daidai yake da yawan abubuwan da ke cikin layin, a raba da saurin fitarsu. Ku ɗauka tawagarku tana gama kati 5 a sati. Idan kati 20 ne a layin da ake kan yi, kowane kati zai kwashe kimanin sati 4 kafin ya fita. Idan kuka rage su zuwa 5, sati ɗaya. Mutanen ba su canza ba, ƙwazonsu bai ƙaru ba, wutar lantarki ma ba ta gyaru ba. Abin da ya canza kawai shi ne an daina fara sabon aiki kafin a gama tsoho. Wa ya fi jin daɗi, mai kayan da aka ba shi abu ɗaya kammalalle kowane sati, ko wanda aka ce masa abubuwa ashirin duk suna kan hanya?

To me ya sa muke cika layin? Saboda fara aiki yana da daɗi, gamawa kuwa wahala ce. Ranar farko kana ƙirƙira, ranar ƙarshe kana bin ƙananan kurakurai ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma kunya. Oga ya shigo ya ce a sa masa wani abu cikin gaggawa, wa zai ce masa a'a? A nan allo yake taimakon ƙaramin ma'aikaci fiye da kowa. Ba sai ya yi musu da na gaba da shi ba. Sai ya juya fuskar kwamfutar ya ce, ranka ya daɗe, ga abubuwa huɗu da ke hannunmu, wanne za mu ajiye mu ɗauki wannan? Ba rashin ladabi a ciki, kuma nauyin zaɓin ya koma kan mai ikon zaɓa.

Wurin da na fi son ku riƙa kallo shi ne layin dubawa. A ƙananan tawagogi yawanci mutum ɗaya ne ƙwararren da kowa ke jira ya duba masa kod. Shi ne kuma wanda ya fi kowa aiki. Sai ka buɗe allo ka ga layin da ake kan yi kati uku, layin dubawa kati tara, wasu sun kwana goma. Kowa yana ta aiki, ba abin da ke fita. A jerin ishu na yau da kullum ba za ka taɓa ganin wannan ba. A allo kuwa layin ne zai yi tsawo har sai ka gangara ƙasa, gani ya kori ji. Maganinsa ba ƙarin katuna ba ne. A koya wa mutum na biyu dubawa, a kuma yi doka cewa da safe, kafin kowa ya taɓa nasa aikin, sai ya duba na wani.

Na huɗu: maki da zane-zane.

ZenHub yana ba ka damar sa wa kowane kati maki gwargwadon nauyinsa, yawanci da lambobin 1, 2, 3, 5, 8, 13. Tazarar tana ƙaruwa da gangan, domin gwargwadon girman aiki gwargwadon duhun da ke cikinsa. Daga makin sai ya zana maka yadda aiki ke raguwa a cikin zangon sati biyu, da yawan makin da tawaga ke gamawa zango bayan zango. Aiki zango-zango daga tsarin Scrum ya zo, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar a 1995.

Ra'ayina a kansa gajere ne. Amfanin maki yana cikin gardamar da ake yi kafin a sa shi. Wani ya ce 2, wata ta ce 8, sai a tambaye ta me ta gani, sai ta ce ai bayanan tsofaffin kwastomomi ba su da lambar waya, sai an bi su an gyara. Wannan maganar ta fi lambar daraja. Amma ranar da shugaba ya fara auna mutane da maki, yana cewa wane ya yi 30 wane ya yi 18, daga ranar makin ya mutu. Aikin da jiya 3 ne, gobe 8 zai zama, zanen ya yi kyau, manhaja tana nan inda take. Tawagar da ba ta kai mutum shida ba, ni dai ban ga abin da maki zai ƙara mata ba. Su ƙirga katunan da suka gama, ya ishe su.

Na biyar: mu koma ga rumfa da katanga.

Tambaya ta farko da ya kamata ka yi wa kowane ƙari irin wannan ita ce, bayanaina a ina suke zaune? Ishu da tattaunawarsa da lakabinsa suna GitHub. Amma layin da kati yake, da jerin fifikonsa, da makinsa, waɗannan GitHub bai san da su ba, a sabar kamfanin ƙarin suke. Ranar da ka daina biyan kuɗi ko ka cire ƙarin, ishunka suna nan lafiya, sai dai tsarin da ka shekara kana ginawa a kansu ba ya tare da su. Ka sake komawa jerin ishu 200 masu hali biyu.

Sannan ƙarin yana neman wurin da zai maƙala maɓallansa ne ta hanyar bin tsarin shafin. Idan GitHub ya sake fasalin shafi, abin da yake yi ba tare da neman izinin kowa ba, ƙarin na iya rikicewa har sai masu shi sun fitar da gyara. Duk mai amfani da irin waɗannan kaya ya san safiyar da ake buɗe kwamfuta a ga wani maɓalli ya ɓace.

Mafi girma kuma, mai katanga yana kallon abin da ke jawo mutane rumfarka. Ku bi tarihin da ni. A watan Janairun 2016 wasu masu kula da manhajojin buɗaɗɗen kod suka rubuta wa GitHub buɗaɗɗiyar wasiƙa mai suna Dear GitHub, suna kuka da abubuwa da dama, ciki har da yadda mutane ke cika tattaunawa da rubuta +1 don nuna goyon baya. ZenHub ya riga ya samar da maɓallin +1. A watan Maris na shekarar GitHub ya fitar da nasa alamomin martani. A watan Satumba ya fitar da Projects, allonsa na kansa. A 2018 Microsoft ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5, kuɗin gini ya ƙaru. A 2019 Waffle.io, wani allon da ya dogara da ishun GitHub, ya rufe. A 2022 sabon Projects ya fito ga kowa, mai ba ka damar ƙirƙirar gurabenka na maki da fifiko da zango, ka kalle su a allo ko a jadawali, daga rumbuna da yawa. A 2025 aka ƙara damar sa ƙananan ishu a ƙarƙashin babba. Kusan duk abin da na lissafa muku a batu na biyu, yau akwai irinsa a cikin gidan.

Shin wannan yana nufin ZenHub ya yi asara? Kamfanin yana nan, ya kuma buɗe nasa shafin da ake shiga ba tare da ƙarin ba, yana neman ya riƙa gaba da GitHub a wajen rahotanni da tsara zango. Ni a ganina ƙarin burauza ya zama wurin gwaji. Haka ya faru da Octotree, wanda ya daɗe yana nuna jerin fayiloli a gefen shafi kafin GitHub ya sa nasa. Kada kuma wani ya ɗauka abin cikin gida ba ya mutuwa: tsohon Projects ɗin nan na 2016, GitHub da kansa ya yi masa ritaya a 2024, aka kwashe mutane zuwa sabon.

Akwai abu biyu da suka shafe mu musamman. Chrome na wayar Android ba ya karɓar ƙari. Mu kuwa da yawanmu, idan wuta ta ɗauke batirin kwamfuta ya mutu, da waya muke leƙa aiki. Mai kayan da kuke yi wa manhajar ma da wuya ya zauna gaban kwamfuta ya ɗora wani abu a burauza. Na biyu, kuɗin irin waɗannan kaya da dala ake biya, a kan kowane mutum, kowane wata. Wanda ke karɓar kuɗin aikinsa da naira ko sefa ya san abin da hakan ke nufi, ba sai na yi bayani ba.

Na shida: amana.

Lokacin da za ka ɗora ƙari, wani ɗan akwati yana fitowa ya ce wannan manhaja za ta iya karantawa da canza bayananka a shafi kaza. Mutum nawa ne a ɗakin nan suka taɓa tsayawa suka karanta shi kafin su danna amincewa? Ku ɗaga hannu. To, na ga hannaye ba su da yawa.

Ku fahimci abin da aka ba da. Duk abin da idonka ke gani a GitHub, ƙarin yana gani, har da rumbunan sirri na kamfanin da kake wa aiki. Bayan haka akwai izini na biyu, wanda kake ba sabar kamfanin ta shiga rumbunanka da sunanka, ko kana barci. Ƙari kuma yana sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Wanda ka amince da shi bara, ba lallai ne shi ne ke cikin burauzarka yau ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. The Great Suspender ƙari ne da mutane sama da miliyan biyu suka ɗora don rage wa Chrome nauyi. Mai shi ya sayar da shi a 2020 ga wanda ba a san ko wane ne ba, aka cusa masa kod mai cutarwa, Google ya cire shi a watan Fabrairun 2021. A watan Disambar 2024 kuma aka yaudari wani ma'aikacin Cyberhaven da saƙon imel na bogi, ɓarayin suka samu damar fitar da gurɓataccen ƙari da sunan kamfanin a daidai lokacin hutun Kirsimeti. Cyberhaven fa kamfanin tsaron bayanai ne. Ban kawo waɗannan don in shafa wa ZenHub kashin kaji ba, ba shi da hannu a ciki. Na kawo su ne don ku ga ƙofar da kowane ƙari ke shigowa ta cikinta iri ɗaya ce.

Saboda haka, daga shagon Chrome ko na Firefox kaɗai ake ɗora ƙari, a kuma tabbatar sunan kamfanin ne na gaskiya, domin akwai masu kwaikwayo. Ƙarin da aikinsa a GitHub yake amma yana neman izinin duk shafukan da kake buɗewa, a tambaye shi dalili. Burauzar aiki a ware ta daban da ta yawo, Chrome da Firefox duk suna ba da damar buɗe asusu biyu. Mai riƙe da asusun kamfani a GitHub ya kunna tsarin da ke hana wata manhaja shiga sai da amincewarsa, ya kuma riƙa leƙa jerin waɗanda aka ba izini yana korar waɗanda aka daina amfani da su. Kalmar sirri da makullan saba kuma ba a rubuta su a cikin ishu, ko da rumbun na sirri ne. In kuwa kod ɗin na wani ne kake masa kwangila, ba ka da hurumin buɗe wa kamfani na uku ƙofa sai ka tambaye shi.

Na bakwai, kuma na ƙarshe: to wa ya kamata ya ɗora?

Ɗalibai masu aikin kammala karatu, da tawagar mutum uku ko huɗu, ku fara da Projects na cikin GitHub. Kyauta ne, ba a ɗora komai, yana kuma buɗuwa a waya. Layi huɗu sun isa. Ku sa iyaka a layin da ake kan yi, kada ya wuce yawanku. Duk abin da aka faɗa a WhatsApp wanda aiki ne, wanda ya ji ya buɗe masa ishu nan take ya dawo da lambar ishun cikin zauren. Ku yi wata uku a haka.

Idan tawaga ta girma, rumbuna sun yi yawa, akwai masu zuba jari ko hukumar da ke son rahoton kowane zango, kuma kun iya faɗin ainihin abin da allon cikin gida ya kasa yi muku, to lokacin gwada ZenHub ko makamancinsa ya yi. Ko a lokacin, duk abin da ba za ku iya jure rasawa ba, kamar fifiko da wanda aka ɗora wa aiki da dalilin yanke shawara, ku rubuta shi a jikin ishun, a lakabi ko a tattaunawa, inda zai zauna ko da ƙarin ko babu. Kafin ku biya kuɗin shekara kuma, ku gwada fitar da bayananku sau ɗaya ku ga a wane hali suke fitowa.

Shugaban zama yana kallon agogo, na kuma fahimci saƙon.  Na san a cikinku akwai masu amfani da GitLab, wanda shi ma yake da allonsa a ciki, da waɗanda suka daɗe da Jira kuma ba su yarda da rabin abin da na faɗa ba. Su nake so su fara. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, za a miƙo masa makirufo.